Sayen Fili Domin Amfanin Gari: Abin da Ƙaramar Hukuma Take Dubawa

Atantane ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi takwas na gundumar Mayahi a jihar Maraɗi, tare da Mayahi kanta, da Kanambakashe, da Gidan Amumun, da Isawan, da Cake, da Sarkin Hausa, da Mairairai. Ƙaramar hukuma, wadda mutanen Nijar suke kira kwamin, ita ce hukumar da ta fi kusa da talaka, kuma tun zaɓen shekarar 2004 aka ɗora mata alhakin makarantun firamare da kasuwanni da tashoshi da tsara zaman gari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da yake yiwuwa ba tare da fili ba, shi kuwa fili a wannan yanki ya zama abin nema, domin ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi tana da mutane kusan miliyan 3.4, al'ummar Nijar kuma tana ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara, wanda ke nufin takan ninka cikin shekara goma sha takwas ko kusa da haka. Garin da yake da aji shida a yau zai nemi goma sha biyu kafin jaririn bana ya yi aure, amma gonakin da suke kewaye da shi ba sa ƙaruwa.

Idan hukuma ta hangi wani wuri a bakin gari wanda ba gini ba shuka, tambaya ta farko ita ce ko na wane ne, batun kuɗi yana zuwa daga baya. A ƙasar noma irin ta Mayahi da Tasawa da wuya a sami taƙi ɗaya da ba shi da mai shi. Wurin da baƙo zai ɗauka kango ne yana iya zama saura, wato gonar da aka bari ta huta, ko gadon da ba a raba ba saboda wasu magadan suna ci-rani a Najeriya ko Libiya, ko gonar da aka jinginar shekaru da yawa har masu nomanta suka ɗauka tasu ce. Wannan ruɗani yana da tarihi, domin a 1974 Shugaba Seyni Kunce ya shelanta cewa gona ta wanda yake noma ta ce, abin da ya haddasa jayayya tsakanin waɗanda suka ba da aro da waɗanda suka ara, har wasu daga cikin waɗannan rigingimu suka gangaro zuwa ga jikoki.

Dokar da ta zo ta daidaita al'amarin ita ce dokar karkara, wadda ake kira Kod Rural, mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993. Ta tanadi cewa mallakar gargajiya, irin wadda mutum ya gada daga kakanninsa ba tare da takarda ba, tana da kariya daidai da mallakar da take a rubuce. Ta kuma bayyana cewa filin da ba kowa shi ne wanda ba a iya kawo wata hujjar mallaka a kansa ba, kuma irin wannan na gwamnati ne ko na ƙaramar hukumar da yake cikinta, saboda haka ba ya buƙatar saye. Akwai kuma kashi na uku wanda ba a saye ba a sayarwa, wato burtali da makiyaya da mashayar dabbobi, waɗanda wata doka ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta ƙara ƙarfafa kariyarsu. Jihar Maraɗi ta san illar wasa da wannan, domin a Toda ta gundumar Gidan Rumji rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari a watan Oktoba na 1991. Hukumar da ta yanka burtali ta mayar da shi filayen gini ta toshe hanyar garke, garke kuwa idan bai sami hanya ba ta cikin gero zai bi.

Masu tantance wane fili ne na wa su ne kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka fi sani da Kofo. Na ƙauye yana ƙarƙashin mai gari, na ƙaramar hukuma a tsarin doka yana ƙarƙashin magajin gari, na gunduma kuma yana ƙarƙashin farfe, kuma a cikinsu akan sa wakilan manoma da makiyaya da mata da matasa. Su ne suke zuwa wurin, su kira maƙwabtan gona su nuna iyaka, su yi shela domin duk mai ƙorafi ya fito, sannan a rubuta takardar shaida ta gado ko saye ko kyauta ko aro ko jingina. Shaidar mata tana da nauyi a nan fiye da yadda aka saba ba ta, domin sau da yawa babban wa yakan sayar da gonar gado alhali ƴan'uwansa mata da suke gidajen aure suna da rabo a ciki, sai bayan an ci kuɗi an fara gini maganar ta tashi a gaban alƙali.

Bayan an san mai fili, hukuma tana da hanya biyu. Ta farko ita ce ciniki da yardar juna. Ta biyu ita ce karɓar fili domin amfanin jama'a ko da mai shi bai so ba, wadda dokar ranar 24 ga Nuwamba 1961, da aka yi wa gyara a 2008, ta ɗaure da sharuɗɗa: sai an tabbatar a hukumance cewa aikin na amfanin kowa ne, an yi bincike an saurari waɗanda abin ya shafa, kuma an biya diyya ta adalci kafin a karɓi wurin. Diyya ita ce abin da ake bai wa mutum a madadin abin da ya rasa, kuma a lissafinta ya dace a haɗa da itatuwa, domin gawo da goriba da aduwa da manomi ya rena a gonarsa dukiya ce da take ba shi abincin dabba da ice da kuɗin cefane. A tsarin da dokar 2010 ta ƙananan hukumomi ta shimfiɗa, magajin gari ba ya yanke wannan shawara shi kaɗai, sai majalisar kansiloli ta zauna ta amince, farfe kuma ya duba ko an bi doka. Tun watan Afrilu na 2024, da hukumomin soja suka rusa majalisun, kantomomi ne da aka naɗa suka karɓi riƙon ƙananan hukumomi, wanda ya sa sa idon masu gari da Kofo ya ƙara zama wajibi.

Inda shawarar take da wuya shi ne wajen dalilin sayen. Masu cewa a saya tun yanzu suna da hujja mai ƙarfi, domin da zarar an ji kwalta ko wutar lantarki za ta iso gari, ƴan kasuwa sukan riga kowa saye, sai hukuma ta dawo tana biyan ninki don ta sami wurin likita ko maƙabarta. Amma kuɗin shigar ƙaramar hukumar karkara kaɗan ne, yawancinsa harajin kai ne da na rumfunan kasuwa da na cinikin dabbobi, kuma duk jikar da aka sa a fili an hana ta wa rijiya ko rufin aji. Wannan ƙarancin ne yake jan hukumomi zuwa ga lotisma, wato a auna gona a yanka ta filaye masu lamba, a fitar da tituna, a bai wa masu gonar wani kaso na filayen a matsayin diyya, a sayar da sauran. Misali, eka ɗaya ta awon Nijar, wato hekta, murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka ware kashi ɗaya cikin uku domin tituna da wuraren jama'a, abin da ya rage zai ba da filaye goma sha shida masu mita 20 tsawo da 20 faɗi. Kuɗin yana shigowa sau ɗaya, amma gonar da take ba da damman gero da buhunan wake kowace kaka ta tafi ke nan, manomin kuma idan ya sayar da kasonsa ya yi biki ko ya biya bashi, yakan koma ƙodago a gonar wani.

Yamai ta nuna inda wannan hanya take kaiwa idan aka mayar da ita hanyar biyan buƙatun yau da kullum. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye, birnin ya yi ta faɗaɗa zuwa unguwannin da suka daɗe ba ruwa ba magudana, dajin kariya da aka soma dasawa kewaye da shi a 1965 kuma gine-gine suka cinye wani ɓangare nasa. Wuraren da aka ware domin makaranta ko filin wasa su ne suka fi saurin ɓata, domin idan suka daɗe ba a gina komai ba, akan sake yanka su a sayar a ɓoye. Gari kamar Atantane ya fi dacewa ya sayi kaɗan domin buƙatar da aka ambata da sunanta, a wurin da ruwa ba ya kwanciya da damina, nesa da fadama da ƙasa mai albarka irin ta kwarin Gulbin Kaba, ya kuma fifita jigawar da ta gaji da noma.

Bayan an biya, saura tsare wurin. Ana kafa duwatsun iyaka na siminti a gaban maƙwabta, a dasa itatuwa a gefe, a ajiye kwafin takarda a ma'aikatar magajin gari da wurin mai gari da ofishin Kofo na gunduma, domin idan ɗaya ta ɓata ko shugabanni suka canza a sami wata. Idan ginin zai jinkirta, ana iya barin tsohon mai gonar ya ci gaba da nomawa da takardar aro wadda ta faɗi yawan shekarun da aka ba shi. Shi kuma mai sayarwa, idan bai iya karatu ba tukuna, yana da haƙƙin ya zo da wanda ya yarda da shi ya karanta masa girman filin da adadin kuɗin da ranar biya kafin ya dangwala yatsa.