Darasi: Gani Ya Kori Ji

'Yan'uwa manoma na Birnin Kebbi da Argungu, yanzu ta waya darussan noman shinkafa suke zuwa mana. Amma buɗe saƙo ba koyo ba ne. Wanda ya ji bai aikata ba zai yi asarar iri da taki, bashin ƙungiya kuma ya gagare shi biya.

Ga yadda za mu bi sawun kowa:

1. Magatakarda ya rubuta wanda ya saurari darasi kowane mako.
2. Wanda ya yi shiru mako 2, mu je gidansa. Wataƙila caji ko data ya rasa.
3. Mu shiga fadamar Rima da igiyar awo. Dashen bai wuce kwana 21 ba? Tazara ta kai santimita 20?

Tambayar taro: Wa muka bari a baya?