Darasi: Kafin a sayi tsohuwar jif da kuɗin ƙungiya

'Yan uwana mata, in dillali ya kawo muku tsohuwar jif da araha, kada ku yi saurin buɗe asusu. Ku nemo bakanikenku, ba nasa ba, ya tayar da ita da sassafe, inji na sanyi. In ta yi hayaƙi shuɗi-shuɗi, baƙin mai take ƙonawa, gyaran kuwa yakan kai ga sauke inji. A duba lambar shasi, ta zo daidai da ta takardu.

Sai lissafi. Jif akwai shan mai, tayoyinta ma da tsada, ga kuɗin direba. Dakon kayan kasuwa zai biya wannan duka har a samu na rabo? In kayan gyaranta sai an je birni, ni dai ba na sa hannu.