Zaɓen Inji Don Ɗan Jirgin Shawagi

Kun taɓa lura da shirwa da tsakar rana? Takan shimfiɗa fukafukanta, ba ta kaɗa su, amma tana ta yin sama. Dalili kuwa shi ne, in rana ta gasa ƙasa, iskar da ke bisanta takan yi zafi ta tashi, ita ce ke ɗaukar tsuntsuwar.

A Turai da Amurka akwai masu ƙera 'yan ƙananan jiragen sama da itacen balsa, wanda ba shi da nauyi, su riƙa sarrafa su daga ƙasa da na'urar rediyo. Wani iri ana ce da shi jirgin shawagi, gama yadda shirwa ke yi haka shi ma ya ke yi. Daga bakin wannan fiffike zuwa wancan yakan kai mita 2. Wahalarsa ɗaya ce, ba ya iya hawa da kansa zuwa inda iskar nan ta ke. Saboda haka waɗansu sukan ɗaura masa ɗan inji.

To, wane iri ya kamata a zaɓa? Watakila ku ce babba mai ƙarfi. Ba haka ba ne. Aikin injin bai wuce minti biyu ko uku ba. Da mai ya ƙare sai ya mutu, daga nan kuwa ya zama kaya kurum, jirgin na ɗauke da shi har ya sauka. In ya cika nauyi, jirgin ba ya daɗewa a sama. In ya cika ƙarfi, gudu na iya karya fukafukan, domin ba a yi su don tsere ba. Amma in ya cika ƙanƙanta, sai jirgin ya yi ta yawo kusa da ƙasa har ya yi karo da itace. Abin nema shi ne mafi ƙanƙanta wanda zai iya hawa da jirgin sannu sannu.

Wani inji da ya yi suna wajen wannan aiki shi ne Babe Bee, wanda kamfanin Cox na Amurka ya fitar a 1956. Nauyinsa kamar na ƙwan kaza ne, abin da cikinsa ke zuƙa a bugu ɗaya kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokalin shayi ba. Ba fetur ya ke sha ba, wani mai ne da a ke haɗa shi da man zurma, don kada ƙarfen ya ci juna. Akan ɗaura shi bisa fukafukai, daidai inda nauyin gaba da na baya suka yi daidai, don kada jirgin ya rinjaya.

Yanzu yawancin masu wannan wasa sun koma ga injin lantarki mai aiki da batir. Ba shi da ƙara sosai, ana iya kashe shi a sama a sāke tā da shi, in ya tsaya kuma farfelarsa ta naɗe ta kwanta jikin jirgin, kada ta tare iska.