Tarihin Manhajar MS-DOS

1.0 Gabatarwa

Babbar manhaja ita ce mai shiga tsakanin mutum da kwamfuta. In babu ita, na'urar ba ta wuce tarin ƙarafa ba. Wannan darasi zai waiwayi tarihin MS-DOS, ɗaya daga cikin tsofaffin irin waɗannan manhajoji.

2.0 Asalinta

A shekarar 1980, kamfanin IBM na Amurka ya buƙaci manhajar da za ta tafiyar da ƙaramar kwamfutar da yake ƙerawa. Kamfanin Microsoft da ya karɓi aikin ba shi da irinta, don haka ya sayi 86-DOS wadda Tim Paterson ya rubuta, ya yi mata kwaskwarima. Kwamfutar ta shiga kasuwa a watan Agustan 1981. Abin lura a nan shi ne, Microsoft ya riƙe ikon sayar wa wasu kamfanoni manhajar. Wannan sharaɗi ne ya ba shi damar mamaye kasuwa da masu kwaikwayon kwamfutar IBM suka yawaita.

3.0 Sigoginta

Da rubutaccen umarni ake sarrafa MS-DOS, kamar DIR don ganin jerin fayiloli. Sunan fayil ba ya wuce haruffa 8, sai ƙarin 3 masu nuna nau'insa. Haka kuma, babu ɓ, ɗ da ƙ a jerin haruffanta na asali, abin da ya sa rubuta daidaitacciyar Hausa da ita ya yi wuya.

4.0 Kammalawa

MS-DOS 6.22 ta 1994 ita ce ta ƙarshe da aka fitar mai zaman kanta. A kanta aka ɗora Windows 95 da Windows 98, kafin Windows XP ta raba gari da ita a 2001.

Auna Fahimta

1. Wane sharaɗi ne ya ɗaukaka Microsoft?
2. Yaya rashin haruffa masu ƙugiya ke gurɓata ma'ana? Kawo misalai uku.