Na Nemi Taimako a Zaure, Aka Mayar da Ni Abin Dariya

 Ni ɗalibi ne a aji biyu, ina karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Modibbo Adama, gidanmu kuma yana Dubeli a Jimeta. An ba mu jinga da harshen kwamfuta na Python, mu rubuta manhajar da za ta karɓi makin ɗalibai ta fitar da matsakaicinsa. Na yi ta fama abu ya ƙi. Sai na ɗauki hoton takardar tambayar na tura wani zauren WhatsApp na masu rubuta manhaja, na ce don Allah a taimaka da gaggawa, gobe za mu miƙa. Shiru kake ji. Can wani ya ce, "Nawa za ka biya?" aka bushe da dariya. Na bi wani babba a cikinsu ta gefe na gaishe shi, ya karanta bai amsa ba. Malam, wannan ba girman kai ba ne? Su ba da koyo suka fara ba?

Ɗalibi daga Dubeli

To, ƙanena. Wanda ya yi maka ba'a bai kyauta ba, ba kuma zan wanke shi ba. Amma duba abin da ka tura musu. Ka ce ka yi ta fama, na kuwa yarda, sai dai faman ya tsaya a ɗakinka. Su takardar malaminka kawai suka gani, babu layi ɗaya na aikinka. Duk wanda ya daɗe a harkar nan fassara ɗaya yake yi wa irin wannan saƙo: ku yi mini, in sa sunana. Kamar ka je wurin bakanike a Jambutu ka ce "motata ta ƙi tashi", alhali ka baro ta a gida, ba ka ma iya faɗin ƙarar da take yi ba.

Ba 'yan Adamawa ne suka ƙirƙiro wannan hali ba. A shafin Stack Overflow na tambayoyin masu rubuta manhaja, wanda aka buɗe a 2008, ana amsa tambayar ɗalibi idan ya nuna ƙoƙarinsa, wadda kuwa aka kwafo daga takarda tsurarta sau da yawa rufe ta ake yi.

Ina ma zaton na san inda ka maƙale. A Python, duk abin da input ya karɓa rubutu ne, ko da lamba aka buga. Idan ka haɗa 60 da 70 a haka, 6070 za ka samu maimakon 130, da ka zo rabawa kuma sai ta jefo maka TypeError. Idan haka ne, nemi abin da int da float suke yi. Sauran naka ne. Da ka rubuta, "Salam, barkanku da aiki. Ga layuka goma da na rubuta, ina son 65 ta fito, amma ga kuskuren da yake ba ni a layi na bakwai, na canza sunan ma'ajin bai yi ba," da wuya a daɗe ba a samu mai amsawa ba. Masu wannan sana'a suna son ƙaramar matsala mai kai da gindi, har rige-rigen warware ta suke yi. Kuma ka kwafo rubutun kansa ka liƙa. Hoton allon kwamfuta da aka ɗauka a karkace, hasken taga ya cinye rabinsa, ba wanda zai iya gwada shi, ba kuma mai zaman sake buga maka shi.

Batun gaggawa kuwa, taka ce kai kaɗai. Wanda kake roƙo yana da nasa aikin, datarsa yake ƙonawa, wataƙila cajinsa ma lallaɓa shi yake a zafin Yola ana jiran wuta.

Shi kuma babban da ka bi ta gefe, gaisuwa ka aika ka tsaya jiran amsa. A ƙofar gida wannan ladabi ne. A waya, mutumin da saƙonni suka yi wa yawa ya san bayan "ina wuni" akwai buƙatar da bai san girmanta ba, sai ya ɗaga ta zuwa anjima, ya manta. Haɗa sallama da tambayar a saƙo ɗaya, kuma a zaure, inda wani ɗalibin zai ƙaru da amsar.

Koma zauren nan, kada ka tayar da zancen dariyar. Idan an warware maka, ka dawo ka faɗi abin da ya gyara, ka yi godiya, ko da "useko" ce. Idan kuma wani ya ce zai rubuta maka duka a kan kuɗi, ka ƙi, don malaminka na iya tsayar da kai gaban allo ya ce ka bayyana layi na uku.