Haɗa Abin Sha na Lemo a Gida: Jagora ga Manoma da Malaman Gona

Gabatarwa

Duk shekara idan lemo ya nuna a jihohin Binuwai, Nasarawa da Kogi, motoci kan cika kasuwanni irin su 'Yan Lemo ta Kano, farashi ya faɗi, ragowar kuma ta ruɓe a gona ko a bakin hanya. Hanya ɗaya da za ka rage wannan asara ita ce sarrafa lemon zuwa abin sha, don iyali ko don sayarwa. Shahararrun haɗe-haɗen lemo na ƙasashen waje, irin su Daiquiri na Kuba da Margarita ta Meziko, da barasa ake yin su, amma ginshiƙinsu shi ne daidaita tsami da zaƙi. Wannan ƙa'ida za mu bi a nan, ba tare da barasa ba.

Zaɓen lemo

Kada launin ɓawo ya ruɗe ka. A ƙasa mai zafi irin tamu lemon zaƙi yakan nuna sarai alhali ɓawonsa kore ne, domin sanyin dare ne ke juya launin. Ka zaɓi mai nauyi a hannu, mai laushin ɓawo, wanda ba shi da rauni ko huda ta ƙwari.

Iri ma yana da tasiri. Valencia ya fi dacewa da matsa. Washington Navel yana da daɗin sha a ɓare, amma ruwansa yakan yi ɗaci bayan 'yan sa'o'i, saboda wani sinadari mai suna limonin da ke bayyana bayan an matse shi. Idan shi ne kake da shi, a sha nan take.

Kayan aiki

Ka tanadi wuƙa mai kaifi, abin matsa lemo, rariya ko farin ƙyalle mai tsabta, da tukunyar ƙarfe marar tsatsa. A guji tukunyar dalma, ta baƙin ƙarfe da ta tagulla, domin tsamin lemo yana cin su, ɗanɗano ya canja. Tagulla da baƙin ƙarfe kuma suna saurin lalata bitamin C, wanda ya kai kimanin miligiram 50 a kowane mililita 100 na ruwan lemon zaƙi.

Ruwan sukari

Sukari ba ya narkewa sosai a ruwan sanyi, don haka a fara narkar da shi. A haɗa kofi 1 na sukari da kofi 1 na ruwa, a ɗora a wuta ana juyawa har ya narke, a sauke ya huce. Don ƙarin ƙamshi a jefa citta ko kanumfari lokacin dafawa, sannan a tace.

Ƙa'idar awo

Tsamin lemon tsami ya ninka na lemon zaƙi sau 5 ko fiye, saboda haka ba a zuba su da ka. Ka ɗauki ma'auni ɗaya, kamar gwangwanin madara, ka yi duk awonka da shi:

1. Lemon tsami da na'a-na'a: awo 1 na ruwan lemon tsami, awo 1 na ruwan sukari, awo 4 na ruwan sanyi. A ɗan murza ganyen na'a-na'a a tafin hannu kafin a saka. Idan aka daka shi yakan kawo ɗaci.

2. Lemon zaƙi da citta: awo 4 na ruwan lemon zaƙi ko tanjarin, rabin awo na lemon tsami, rabin awo na ruwan sukari mai citta. An rage sukarin ne domin lemon ya zo da nasa.

3. Zoɓo da lemo: awo 3 na dafaffen zoɓo da ya huce, awo 2 na lemon zaƙi, awo 1 na ruwan sukari. Tsamin lemo yana ƙara wa jan zoɓo haske. A yanka kokwamba da lemo a kai, zai yi kama da Chapman da ake sayarwa a otal-otal na ƙasar nan.

Ka ɗanɗana kafin ka miƙa wa kowa. Idan tsami ya yi yawa, ƙara ruwan sukari cokali-cokali. Idan zaƙi ya rinjaya, ɗiga lemon tsami.

Hanyar matsa

A wanke lemon da ruwa mai tsabta kafin a yanka. A matsa a hankali, domin farar ɓargon cikin ɓawo da 'ya'yan da suka fashe su ne tushen ɗaci. A tace nan da nan. Ruwan haɗi da na ƙanƙara su kasance waɗanda aka tafasa ko aka tabbatar da tsabtarsu.

Adanawa

Ɗanyen haɗi ba ya kwana a waje, a firji kuma kada ya wuce kwana 2 zuwa 3. Idan kana son ya daɗe, bi waɗannan matakai:

1. A tafasa kwalabe da murafensu na minti 10.
2. A ɗumama ruwan lemon zuwa digiri 85 na ma'aunin Salshiyos, a riƙe shi haka na minti 1, ba tare da ya tafasa ba.
3. A zuba da zafinsa, a rufe nan take, a kwantar da kwalbar domin zafin ya taɓa murfin.
4. A ajiye a wuri mai sanyi da duhu.

Duk kwalbar da ta yi kumfa, ko murfinta ya kumbura, ko ta fara warin giya, a zubar da ita. Wanda zai sayar da haɗin kwalba a kasuwa kuwa sai ya yi rajista da hukumar NAFDAC.

Gargaɗi

Ruwan garehul yana ƙara ƙarfin wasu magungunan hawan jini da na rage kitsen jini, kamar nifedipine da simvastatin. Mai shan su ya tuntuɓi likita tukuna. Haka nan a wanke hannu da sabulu bayan matsa lemon tsami, domin idan rana ta buga fatar da ruwansa ya taɓa takan yi ƙuna da tabo. Masu ciwon sukari su rage ruwan sukarin ko su bar shi gaba ɗaya.

Kammalawa

Ana shawartar malaman gona su gwada waɗannan haɗe-haɗe a gaban ƙungiyoyin mata da matasa tun kafin lemo ya cika kasuwa, domin kowa ya riƙe awon da idonsa. Lemon da 'yan kasuwa suka ƙi saboda ƙanƙanta ko tabon ɓawo, muddin bai ruɓe ba, ya isa wannan aiki.