'YAN TSANAN KABILAR HOPI

Ka sani, ya mai karatu, a ƙasar Amurka akwai wani yanki ana ce da shi Arizona. Ƙasa ce busasshiya, ruwan samanta kaɗan ne. A can wata kabila ta ke zaune, sunanta Hopi, garuruwanta bisa waɗansu duwatsu uku masu shimfiɗaɗɗen kai. Manoman masara ne, in ruwa ya ƙi, sai yunwa.

A addininsu na gargajiya sun gaskata akwai iskoki masu kawo ruwa da albarka, kowane ɗaya suna kiransa katsina. Kada sunan ya ruɗe ka, ba abin da ya gama shi da birnin Katsina, lafazi ne kawai ya zo ɗaya. Iskokin nan sun fi iri ɗari biyu. Wai su kan zo cikin garuruwa tun daga Disamba, su zauna har Yuli, sa'an nan su koma gidansu can bisa manyan duwatsu.

To, siffar iskokin nan ita maza ke sassaƙawa, suna kiranta tihu. Saiwar wani itace na bakin rafi su ke nema, gama in ta bushe ba ta da nauyi, wuƙa kuwa tana cinta da sauƙi. Bayan sassaƙa a shafe ta da farar ƙasa, a zana launi, a ɗaura mata gashin tsuntsu. Ran bikin Fabrairu da na Yuli, maza masu rufe fuska su fito rawa, su rarraba wa 'yan mata. Yara maza kwari da baka a kan ba su.

Wanda ya gani zai ce gunki ne, ko kuwa abin wasa. Amma ba a yi masa sujada, ba a kuwa yasar da shi a ƙasa. Rataye shi a ke yi jikin bango, yarinya ta riƙa dubansa har ta san kowane iska da sunansa da aikinsa, kamar yadda kai ka yi ta duban baƙaƙe har ka saba da su.

Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19 Turawa suka fara saye, sassaƙan ya zama sana'a. Da kuɗi ya shiga, waɗanda ba Hopi ba suka shiga kwaikwayo. A shekarar 1990 gwamnatin Amurka ta kafa doka, ta hana a sayar da kaya da sunan wata kabila ta mutanen ƙasar na asali, alhali ba 'ya'yanta suka yi ba.